Tsakanin Injin Iska da Matokarin Muƙamuƙi: Ina Mafita ga Mai Minshari?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san cewa kowane ɗaki da sarkin minsharinsa. Akan yi masa laƙabi, wani a kira shi Janareto, wani Tirela. Cikin dare a jefe shi da filo, gari ya waye a yi ta tsokanarsa, shi kuwa ya yi ta rantse-rantse cewa tun da aka haife shi bai taɓa minshari ba. A wurinmu minshari abin raha ne kawai. Hasali ma wasu na ɗaukar sa alamar barci mai daɗi, har ka ji ana cewa wane ya samu duniya, dubi yadda yake sharar barci har da minshari.

Ni ma haka na ɗauki abin, sai da na yi wani hutu a gidan kawuna, ɗan kasuwa a Legas. Wata rana bayan sallar isha'i barci ya kwashe shi a kan kujera a falo, ya fara abin da ya saba. Ina murmushi sai matarsa ta ce da ni, "Ɗana, ba ƙarar za ka saurara ba, saurari shirun." Na kasa kunne. Can sai minsharin ya yanke ɗif. Ƙirjinsa na motsi, cikinsa na ɗagawa, amma babu iskar da ke shiga ko fita. Na ƙirga a zuci har na haura ashirin, sannan ya yi wata irin zabura da gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ja iska, ya ci gaba da minshari bai ko buɗe ido ba. Ta ce haka yake kwana kullum, kuma ta daɗe rabon da ta yi barci da hankali kwance. Da na gaya masa da safe, cewa ya yi, "Kai yaro, ƙyale mata da tsoro. Gajiyar kasuwa ce."

Ba gajiyar kasuwa ba ce. Cuta ce da likitoci suka san ta, wato toshewar numfashi cikin barci. Abin da nake so in yi jayayya da shi a wannan ɗan rubutu shi ne ra'ayin nan da ke cewa wannan cuta ba ta da magani na ƙwarai sai injin hura iska, sauran kuwa duk maneji ne. A nawa ganin, akwai wata 'yar na'ura da ake sanyawa a baki ta tura muƙamuƙin ƙasa gaba, wadda ya kamata a riƙa gabatar wa mai wannan larura a ƙasar nan tun ranar farko, ba sai bayan injin ya gagare shi ba. Ni ɗalibin harshe ne ba likita ba, amma kamar yadda mai karatu zai gani, fagen da abin ke faruwa fage ne da muka sani.

Abin da ke faruwa a maƙoshi

Mai karatu ya tuno zanen nan na gaɓoɓin furuci da ake ba mu a darasin ilimin furuci, wanda aka tsaga kan mutum biyu: ga leɓɓa, ga haƙora, ga hanƙa, ga ganɗa, ga hanɗa da beli na reto a ƙarshenta, ga doron harshe, ga maƙoshi, can ƙasa ga maƙwallato. To wannan zane shi ne taswirar cutar baki ɗaya. Daga kogon hanci zuwa ganɗa akwai ƙashi da ke riƙe hanya a buɗe. Daga maƙogwaro zuwa huhu akwai guringuntsi. Amma tsakanin biyun, wato bayan hanɗa da bayan harshe, babu ƙashi babu guringuntsi, tsoka ce zalla ke riƙe da hanyar. Idan mutum yana farke tsokar a ɗaure take. Da zarar barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya zame baya, hanɗa ta langaɓe, bangon maƙoshi ya matso ciki. Idan hanyar ta ƙuntata sai iska ta riƙa kaɗa hanɗa da beli, wannan kaɗawa ita ce minshari. Wanda ya taɓa gwada furta "r" ta Faransanci ko "gh" ta Larabci ya san wurin. Idan kuwa hanyar ta rufe gaba ɗaya, sai a samu shirun da matar kawuna ta nuna mini.

Akwai wani hasashe da ya kamata ya ja hankalin ɗalibin harshe. A shekarar 2003 wani likitan fiɗa na kai da wuya a Amurka, Terence Davidson, ya yi rubutu yana cewa wannan cuta ita ce farashin da ɗan Adam ya biya don ya iya magana. Hujjarsa ita ce, a yawancin dabbobi masu shayarwa marufin maƙogwaro yana haɗuwa da hanɗa, harshe kuma yana kwance cikin baki kacokan, don haka hanyar iska a kulle take da kyau. Jaririn mutum ma haka yake zuwa duniya. Amma yayin da yaro ke girma sai maƙogwaro ya sauka ƙasa, tushen harshe ya lanƙwasa ya shiga maƙoshi, a samu wani dogon fili mai taushi. Wannan fili ne ke ba mu damar sarrafa harshe mu bambanta wasulan /i/ da /a/ da /u/, kuma shi ne ke rufewa cikin dare. Masana ba su haɗu a kan wannan hasashe ba, amma abin lura ne cewa cutar ba kasafai ake samun ta a dabbobi ba, in ban da irin karnukan nan na Ingila masu gajeren hanci da takurarriyar fuska.

Likitoci na ƙirga tsayawar numfashi ne idan ta kai sakan 10 ko fiye, kuma suna haɗa ta da lokutan da numfashin ya ragu sosai ko da bai tsaya ba. Wanda hakan ke faruwa gare shi sau 5 zuwa 14 a awa guda, cutarsa mai sauƙi ce. Sau 15 zuwa 29 matsakaiciya ce. Daga 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani, akwai ma masu haura 60, wato kowane minti sai numfashi ya yanke. Kowace yankewa tana sa iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashi mutum na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau. Mutum ya yi awa takwas a kan gado amma ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi a aji ko a shago ko a bayan sitiyari. An tabbatar da alaƙar cutar da hawan jini, ana kuma danganta ta da shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya da ciwon suga. Bincike ya nuna haɗarin mota ga wanda ke da ita bai yi magani ba ya ninka na sauran direbobi. Mai karatu ya tuna direbobin manyan motoci da ke kwana a hanya tsakanin Legas da Kano.

Ba kuma cutar mutum ɗaya ko biyu ba ce. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga ciki tasu matsakaiciya ce ko mai tsanani, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Ƙiba ita ce babbar mai jawo ta, musamman kaurin wuya, amma siriri mai ƙaramar haɓa ma yana kamuwa, mata kuma sukan kamu sosai bayan sun daina al'ada.

Injin iska da halin da muke ciki

A 1981 ne Colin Sullivan na Jami'ar Sidni a Ostareliya ya buga sakamakon wata dabara da ta sauya maganin wannan cuta. Ya haɗa wani inji da ke hura iska ta tiyo zuwa wani marufi da ake ɗaurawa a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙoshi a buɗe har gari ya waye. Kafin wannan lokaci, wanda cutarsa ta yi tsanani sai dai a huda masa maƙogwaro a wuya. Wannan inji, wanda ma'aikatan asibiti ke kira sifaf, har gobe babu abin da ya kai shi ƙarfin kawar da toshewar. Ba na musun wannan ko kaɗan. Matuƙar yana kan fuska yana aiki, kusan kowa numfashinsa na daidaita.

Matsalar tana cikin wannan "matuƙar". Mutane da yawa ba sa iya jure kwana da abu ɗaure a fuska. Wasu hancinsu ya bushe ko ya toshe, wasu iska ta riƙa zurara ta shiga ido, wasu su ji kamar an shaƙe su, wasu kuma kunyar iyali ce kawai. A wani babban gwaji da aka buga a 2016, wanda ya haɗa mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini a ƙasashe da dama, waɗanda aka ba injin sun yi amfani da shi ne na kimanin awa 3.3 kacal a kowane dare. Waɗannan fa mutane ne da ake bibiyar su, ana ƙarfafa musu guiwa, kuma wutar lantarki ba ta cikin damuwarsu.

To balle mu. Kawuna dai daga baya ya yarda aka kai shi wani asibiti aka yi masa gwajin barci, aka ce tasa matsakaiciya ce, aka rubuta masa injin. Ya sa aka sayo masa daga waje da kuɗi masu ciwo. Makon farko ya ce rabon da ya yi barci irin wannan tun yana saurayi. Amma a unguwarsu wuta ba ta kwana, kuma dokar gidan hayar da yake ciki ita ce a kashe janareto da ƙarfe goma sha biyun dare. Da injin ya tsaya sai ya farka ya fizge marufin, sauran daren ya koma gidan jiya. Ya yi shawarar sayen batir da sola, ya ga kuɗin ya kusa kai na injin. Ga shi mutum ne mai yawan tafiya, yau yana Kano gobe yana Anacha, yakan kwana a mota ko a masaukin da ba ka da tabbacin soket balle wuta. Cikin wata huɗu injin ya koma kwalinsa, kwalin ya hau saman kwaba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa ce masa akwai wata hanya.

Matokari

Kafin in bayyana na'urar, ina roƙon mai karatu ya yi wani ɗan gwaji yanzu. Ka saki bakinka, ka ja iska ka kwaikwayi minshari. Yanzu ka tura haƙoranka na ƙasa gaba har su wuce na sama, ka riƙe a haka, ka sake gwadawa. Yawancin mutane za su ga ƙarar ta ragu ko ta ƙi fita sam. Dalili shi ne babbar tsokar harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa take manne, daga ciki, daidai bayan haɓa. Idan muƙamuƙi ya yi gaba sai ya ja harshe da naman da ke kewaye da shi su bi shi. Masu ba da maganin barci a ɗakin tiyata da masu agajin gaggawa sun daɗe da sanin wannan. Idan mutum ya suma harshensa ya toshe masa hanya, muƙamuƙinsa suke ɗagowa gaba da yatsu.

Na'urar da nake magana a kai wannan aiki take yi, sai dai ita tana yin sa dare guda cur. Roba ce mai tauri guda biyu da aka ƙera daidai da haƙoran mai ita, ɗaya ta hau na sama ɗaya ta hau na ƙasa, da wani ɗan mahaɗi tsakaninsu da ke hana na ƙasan komawa baya. A tafin hannu take zama. Ba ta cin wuta, ba ta ƙara, tana shiga aljihun riga. Da safe a cire a wanke da buroshi a ajiye. Na ga wasu suna fassara sunanta da "na'urar gyara matsayin muƙamuƙi ta baka", wanda ni a kunnena ya yi tsawo kuma yana warin fassara. Ni na zaɓi in kira ta matokarin muƙamuƙi, domin aikinta ke nan, kamar itacen da ake tokare ƙofa da shi kada iska ta rufe ta. Wanda yake da sunan da ya fi wannan, filin mujallar nan a buɗe yake.

Dabarar ta girmi injin iska nesa ba kusa ba. Wani likitan baki Bafaranshe, Pierre Robin, ya ƙera irinta tun 1902, ya kuma yi amfani da ita ga yara masu ƙaramin muƙamuƙi waɗanda harshensu ke faɗawa baya ya hana su numfashi. Sai a shekarun 1980 aka waiwayo ta don manya masu toshewar numfashi cikin barci. A 1982 Rosalind Cartwright da Charles Samelson a Amurka suka buga sakamakon wata 'yar uwarta da ke riƙe harshen kansa a gaba, wadda har yanzu akan ba wanda ba shi da isassun haƙora. Wani abin mamaki da hotunan cikin jiki suka nuna daga baya shi ne, inda matokarin ya fi buɗewa ba bayan harshe ba ne kamar yadda ake zato, bayan hanɗa ne, kuma faɗin ya fi ƙaruwa ta gefe da gefe.

Ba a tura muƙamuƙi gaba a tashi guda. Likitan haƙori yakan auna iyakar inda mutum zai iya turawa, ya fara daga wajen rabin wannan, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, milimita guda ko ƙasa da haka, cikin makonni, har a kai inda numfashi ya daidaita ba tare da ciwo ba. Bayan nan sai a sake gwajin barci da matokarin a baki don a tabbatar yana aiki. Mai karatu ya riƙe wannan mataki na ƙarshe, zan dawo kansa.

Ga hujjata. A 2013 aka buga wani gwaji da aka yi a Sidni, garin da aka ƙirƙiro injin iska. Mutum 126 masu matsakaiciyar cuta ko mai tsanani, kowanne ya yi wata guda da inji, wata guda da matokari. Kamar yadda aka zata, injin ya fi rage yawan tsayawar numfashi: ya saukar da ita zuwa wajen sau 4 ko 5 a awa, matokari kuwa wajen sau 11. Amma bisa abin da mutanen suka faɗa, sun kwana da matokari na awa 6.5, da inji kuwa awa 5.2. Da aka auna abin da ya fi damun marar lafiya, wato gyangyaɗin rana da hawan jini da iya tuƙi a na'urar gwaji da jin daɗin rayuwa, sai aka ga kusan kunnen doki aka yi. Yawancinsu kuma suka ce matokarin suka fi so. A 2024 aka buga wani gwajin daga Singafo, na mutum 220 masu hawan jini da wannan cuta, aka bi su wata shida. Matokari bai gaza injin ba wajen saukar da hawan jini.

Lissafin mai sauƙi ne, ko da yake mu 'yan harshe ba a san mu da son lissafi ba. A ɗauka, alal misali, mutum numfashinsa na tsayawa sau 30 a awa, yana barcin awa 8, wato sau 240 a dare. Inji ya mayar da shi sau 4 a awa, amma wuta ta ɗauke bayan awa 4: ga 16, ga kuma 120 na sauran daren, jimla 136. Matokari ya mayar da shi sau 12 a awa kawai, amma ya kwana da shi awa 7: ga 84, ga 30 na awar da ya cire, jimla 114. Waɗannan lambobi nawa ne na misali, amma sun nuna yadda abin da ya fi rauni kan iya tsere wa mai ƙarfi idan mai ƙarfin ba ya kwana a bakin aiki. A ƙasar da inji ke buƙatar wuta ta awa bakwai a jere kafin ya yi amfani, wannan lissafi ya fi nauyi a kan yadda yake a Sidni ko Singafo.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka da takwararta ta likitocin haƙori masu kula da barci sun fitar da jagora tare a 2015. A ciki suka ce a ba da matokari ga babban da ya kasa jure inji, ko wanda shi da kansa ya fi son wata hanyar. Ni wannan jimla ta biyu ce ta fi jan hankalina. Mutum ba zai fi son abin da ba a gaya masa akwai shi ba.

Inda gizo ke saƙar

Kada mai karatu ya ɗauka talla nake yi. Matokari ba ya yi wa kowa aiki. Akwai waɗanda yake warware musu matsalar gaba ɗaya, akwai waɗanda yake rage musu kawai, akwai kuma waɗanda ba ya tsinana musu komai, kuma da wuya a gane wane ne wane kafin a gwada. Galibi ya fi karɓar mai cuta mai sauƙi ko matsakaiciya, wanda ba shi da ƙiba sosai, da wanda abin ya fi tsananta masa idan ya kwanta rigingine. Mai teɓa sosai wanda oksijin ɗin jininsa ke faɗuwa warwas cikin dare, shi kam inji ne nasa, kuma ya dace a taimaka masa ya samu batirin da zai riƙe shi. Akwai kuma wani nau'in tsayawar numfashi da ba toshewa ke kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarnin numfashi. Wannan ko an tokare muƙamuƙi babu abin da zai sauya.

Sannan yana da nasa wahalhalu. A makonnin farko mutum kan yi ta dalalar yawu ko bakinsa ya bushe, haƙora su yi tsami, mahaɗin muƙamuƙi da ke gaban kunne ya yi ciwo, da safe kuma ya ji haƙoransa ba su haɗu daidai ba na ɗan lokaci. Yawancin waɗannan sukan wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne motsin haƙora: bayan shekaru na amfani, na sama kan ɗan karkata ciki, na ƙasa su ɗan yi waje, cizo ya sauya, kuma sauyin yana ƙaruwa a hankali muddin ana amfani da na'urar. Shi ya sa dole likitan haƙori ya riƙa dubawa lokaci-lokaci. Haka kuma matokari a jikin haƙora yake kamawa, don haka yana buƙatar haƙora masu ƙwari, galibi takwas zuwa goma a sama da kuma a ƙasa, da dasashi mai lafiya. A nan ne mu da yawa za mu faɗi jarrabawa, domin ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci, kuma maganin da muka fi sani shi ne a cire.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne na kasuwa. Yanzu a intanet da wasu shagunan magani ana sayar da wata roba da ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, mutum ya ciza ta ɗauki shatin haƙoransa, da sunan maganin minshari. Tana da araha, kuma na san idan labarin matokari ya bazu ita za a fara rububi. Wani gwaji da aka yi a Antwaf ta ƙasar Beljiyam, wanda aka buga a 2008, ya kwatanta irin wannan da wanda likita ya ƙera a kan mutane guda, sai aka ga na likitan ya fi aiki sosai, na ruwan zafin kuwa yakan suɓuce daga baki cikin dare. Har ila yau, gazawarsa ba ta nuna cewa na likitan ma zai gaza, don haka wanda ya gwada na kasuwa bai ga amfani ba yana iya yanke ƙauna a banza. Babban haɗarin kuwa shi ne ƙarar minshari ta ragu amma tsayawar numfashi tana nan. Uwargida ta samu barci, abokan ɗaki su daina jifa da filo, kowa ya ɗauka an warke, alhali ƙararrawar kawai aka kashe. Wannan ne dalilin da ya sa na ce a riƙe batun sake gwajin barci. Kunne ba ya iya tabbatar da warkewa.

A nan zan ɗan ratse in taɓo batun beli, tun da a gargajiyance idan maƙoshi ya dami Bahaushe wurin wanzami yake nufa. Gaskiya ne beli na cikin abin da ke kaɗawa lokacin minshari, amma toshewar ta fi ƙarfin beli. Ta haɗa da hanɗa da tushen harshe da bangon maƙoshi. Ko fiɗar da likitoci ke yi a asibiti ta rage naman hanɗa da beli ba kowa take warkarwa ba. Aska ba za ta yi abin da wannan ta kasa ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Abin da nake kira a yi

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Jami'o'in Legas da Ibadan da Ife da Binin da Nsuka da Bayero da Maiduguri duk suna horar da likitocin haƙori. Muna da masu fasahar da ke ƙera haƙoran roba da wayoyin daidaita haƙora kullum. Hannun da ya iya waɗannan zai iya koyon ƙera matokari, kuma kayan aikin ba su da nisa da juna. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗin kai. Likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro shi ke gano cutar, likitan haƙori shi ke ƙera maganin, kuma idan biyun ba sa tura wa juna marasa lafiya, mutum irin kawuna ne ke faɗawa tsakani. Gwajin barci ma yanzu ba lallai sai an kwana a asibiti da wayoyi a ka ba. Akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya je gida ya ɗaura a ƙirji da yatsa da hanci, ya dawo da ita da safe. Inda aka samu wannan da likitan haƙori guda da ya ƙware, an samu cibiya.

Ina kuma ganin likitan da zai rubuta wa mutum inji ya kamata ya fara tambayarsa awa nawa wuta ke kwana a gidansa, da kuma dare nawa yake yi a gida cikin wata. Amsar waɗannan tambayoyi biyu tana da muhimmanci kamar lambar da gwaji ya fitar. Rage ƙiba, kwanciya ta gefe, da guje wa giya da ƙwayoyin sa barci, waɗannan suna taimakawa ko da wace na'ura aka zaɓa.

Mu kuwa ɗaliban harshe, namu aikin shi ne sunaye da bayani. Mace kamar matar kawuna ta yi shekaru tana ganin cuta da idonta, amma ba ta da kalmar da za ta kai wa likita sai "minshari", likita kuwa da ya ji minshari yana iya yin murmushi ya wuce. Da ta san ta ce "numfashinsa na yankewa cikin barci, ya zabura, kuma yana wuni da gyangyaɗi", da an ɗauki maganarta da wuri. Masu shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyon Hausa daga cikinmu suke fitowa, haka masu fassara takardun asibiti.

Da na kai wa kawu labarin matokari, sai da ya harare ni ya ce, "Wato bayan kuɗin inji, yanzu kuma takunkumi za ka sa mini?" Na ce, "Kawu, a dai gwada." Muka samu likitan haƙori da ya san aikin. Ya buɗe bakin kawu ya duba, ya ce turame biyu sun fita, dasashi kuma ya kumbura yana zubar da jini, sai an yi maganin wannan tukuna kafin a ɗauki shatin haƙora. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu ya je wankin haƙori sau biyu, saura zuwa ɗaya. Matarsa ta ɗinka masa wani ɗan aljihu a bayan rigar barci ta cusa ƙwallo a ciki don kada ya juya rigingine, injin kuma an sauko da shi daga kan kwaba, yana sa shi daga ƙarfe goma zuwa lokacin da za a kashe janareto.